Yadda Ake Yi wa Ɗalibi Mai Naƙasa Tanadi a Manyan Makarantunmu: Jagora ga Sabon Jami'i

Duk shekara, da zarar an buɗe rajistar sababbin ɗalibai, shugabannin sassa sukan raba wa ƙananan malamai aiki: wannan ya kula da 'yan aji ɗaya, wancan ya riƙe jarrabawar sashe. Haka ake yi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke nan Argungu. Cikin abin da sabon jami'i zai tarar, wanda ba kasafai ake koya masa ba, akwai ɗalibi makaho, ko kurma, ko wanda shan inna ya taɓa, ko zabiya mai raunin gani. Kurakuran masu fara wannan aiki kusan iri ɗaya ne a ko'ina a ƙasar nan, kuma ba mugunta ke kawo su ba, don galibin malamanmu masu tausayi ne. Illar ita ce a kan tausayin ake ɗora komai. Malami ya yi wa ɗalibi alfarma yau, gobe wani ya hana, ranar jarrabawa kuma kowa ya tsaya yana kallon ɗan'uwansa. Tanadin da ake yi wa irin wannan ɗalibi haƙƙinsa ne, saboda haka a rubuce ake yin sa, da sa hannun hukuma, tun kafin a shiga laccar farko.

Doka ma haka ta ce. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci ta 2018. Dokar ta wajabta wa makarantun gwamnati, daga firamare har jami'a, su zama kowa zai iya shiga ya yi karatu, su kuma tanadi aƙalla ƙwararren ma'aikaci ɗaya da kayan aiki na musamman. Ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen gwamnati, wa'adin kuwa ya cika tun Janairun 2024. Ta yanke tarar naira miliyan 1 ga hukuma ko kamfanin da ya nuna bambanci, mutum ɗaya kuwa naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Kafin nan, a 2010, Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda ta ɗauki ƙin yi wa mutum gyaran da ya dace da lalurarsa a matsayin bambanci, ko da ba a zage shi ba, ba a kuma kore shi ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Ka sami kwafin dokar, da fom ɗin tanadi mai shafi ɗaya, da akwati mai kulle na ajiye fayil. Ka sami kwamfutar tafi-da-gidanka mai lafiyayyen batiri, a ɗora mata manhajar NVDA mai karanta rubutun allon kwamfuta da murya, wadda kyauta ake samun ta, a haɗa da abin sawa a kunne. Ana buƙatar allo da tsinken rubutun makafi da takarda mai kauri, in da hali a ƙara da keken rubutu na Perkins. Sai tef ɗin awo irin na magina, da lambobin wayar tafintocin maganar hannu da na masu iya juya rubutun makafi zuwa boko. Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne takardar izini daga shugaban tsangaya ko ofishin kula da harkokin ɗalibai mai nuna kai aka ɗora wa aikin, domin ƙaramin malami ba ya iya cewa babban farfesa ya sauya ɗakin lacca da bakinsa kawai.

Mataki na 1: Nemo ɗaliban tun ranar rajista.

Kada ka jira su zo da kansu. Wanda yake kan keken guragu kowa ya gan shi, amma mai raunin ji, da mai farfaɗiya, da mai sikila, da mai lalurar ƙwaƙwalwa, sukan yi shiru don gudun a ce ba za su iya ba, sai sun faɗi jarrabawa a ji labari. A saka tambayar a fom ɗin rajistar sashe, a kuma sanar ranar wayar da kan sababbin ɗalibai cewa ga ofishin da za a je, ga lokacin, kuma maganar sirri ce. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a tsaya gaban aji a ce masu lalura su ɗaga hannu. Ba wanda zai ɗaga. Wasu sukan ce su ba su da irin waɗannan ɗalibai, don haka shirin ɓata lokaci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna da wata babbar naƙasa, kuma mu a nan muna cikin yankin da sanƙarau ke ɓarkewa da rani yana barin yara da kurumta. Sai a 2020 aka tabbatar an raba Najeriya da ƙwayar shan inna ta asali, wato yaran da ta taɓa a shekarun baya su ne samari da 'yanmatan da suka kai shiga jami'a yanzu. Sashen da bai da ko ɗaya ya binciki inda suke tsayawa. Tun 2017 hukumar JAMB ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola mai shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyi na musamman, kuma Birnin Kebbi na cikin garuruwan da ake yin ta. Ƙofar farko ta buɗe ke nan, masu shigowa kuwa wajenmu za su iso.

Mataki na 2: Zauna da ɗalibin, ka tambaye shi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Makafi biyu ba lallai buƙatarsu ta zo ɗaya ba: wanda ya taso a makarantar musamman, irin ta Abdulrashid Adisa Raji da ke Sakkwato ko ta Tudun Maliki a Kano, yakan iya rubutun makafi, wanda kuwa idonsa ya tafi yana babba mai yiwuwa bai taɓa koyon sa ba, kunne da waya ne abin dogaronsa. Idan ka buga masa takarda da rubutun makafi ka yi aikin banza. Haka kurame: wanda ya yi makaranta galibi da maganar hannu ta makaranta yake magana, wadda tushenta na Amurka ne, ita kuwa daban take da maganar hannun Hausa da ake yi a kasuwa da unguwa. Kafin a ɗauki tafinta a haɗa su tukuna a ga ko suna fahimtar juna. A zaman, da ɗalibin za ka yi magana kai tsaye, ba da ɗan rakiyarsa ba. Takardar likita daga asibitin gwamnati, kamar na Sir Yahaya a Birnin Kebbi ko babban asibitin Argungu, sau ɗaya ake karɓar ta a ajiye, ba a sa wanda ya rasa ƙafa ya riƙa kawo sabuwar shaida kowane zango. Sannan ka kiyayi jarabar sauya masa fanni. Da yawa sukan tura kowane makaho sashen ilimin masu buƙata ta musamman ko na addini, alhali shi shari'a ko aikin jarida ya nema kuma ya ci makin. In akwai wani ɓangare na fannin da lalle ba zai yiwu ba, a faɗi ɓangaren da sunansa, a duba ko akwai wata hanya, sannan a yanke shawara tare da shi.

Mataki na 3: Rubuta abin da aka amince, a sa hannu.

Nan ne zuciyar aikin. Takardar ta ƙunshi sunan ɗalibi da lambarsa, da abin da za a yi masa a lacca, da gwaji, da jarrabawa, da masauki, da sunan ofishin da ke da alhakin kowanne da ranar da za a gama. Ɗalibi ya sa hannu, shugaban sashe ya sa, a aika wa kowane malamin da zai koyar da shi, da jami'in jarrabawa, da mai kula da ɗakin karatu. Ba a rubuta sunan cutar a kwafin da ake rabawa. Malami yana buƙatar ya san cewa ɗaliba za ta zauna a layin gaba kuma za ta iya fita ba tare da neman izini ba, amma tarihin asibitinta ba nasa ba ne.

Akwai masu ganin wannan rubuce-rubuce baƙon abu ne, suna cewa mu mutane ne masu zumunci, abokan ajinsa ba za su bar shi ba. Gaskiya ne suna taimakawa, kuma Allah ya saka musu. Amma a dubi yadda taimakon yake a kusa. Lacca tana bene, samari huɗu su ɗauki ɗan'uwansu da kekensa su hau da shi, kowa na kallo. In mace ce fa? Ko dai ta yarda maza su ɗauke ta, ko ta haƙura da laccar, kuma mun san wanda yawanci za su zaɓa. Abokin da ke karanta wa makaho littafi shi ma yana da tasa jarrabawar, a makon da aka fi buƙatarsa a makon yake ɓacewa, ba kuma laifinsa ba ne. Wanda karatunsa ya rataya a kan alfarma ba ya iya ƙorafi, don ba a ƙarar mai kyauta. Garuruwanmu sun daɗe da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, mun saba mu ga mai naƙasa a bakin masallaci mu miƙa masa sadaka, kuma wannan sabon yakan biyo mu har cikin ofis ba mu sani ba. Wanda ya zo da takardar shiga jami'a ya biya kuɗin makaranta kamar kowa, abin da ya biya dominsa yake nema. Takarda ce ke sa haƙƙin ya tsaya ko malami mai kirki ya tafi hutu, ko an yi masa canjin wurin aiki.

Mataki na 4: Gyara wuri, ka fara da jadawali.

Kafin a kira magini a kira mai tsara jadawalin lacca. Duk darasin da mai keke ko mai sanda yake ciki a sauko da shi ƙasa, kuma kada a sa masa lacca biyu a jere a gine-gine masu nisa da juna. Wannan ko kwabo ba ya ci, amma sai an yi shi kafin a manna jadawalin, shi ya sa matakin farko ba ya jira. A masauki a ba shi ɗakin ƙasa, gadon ƙasa, kusa da famfo da banɗaki, a bar shi ya zaɓi abokin ɗaki. Banɗakin tsuguno ba ya yi wa wanda ƙafarsa ba ta lanƙwasuwa, sai na zama mai ƙarfen riƙewa a bango. Daga nan ka ɗauki tef ɗinka ka bi hanyar da ɗalibin zai bi daga ɗaki zuwa aji, ka duba abu uku da suka fi cutarwa a ƙasarmu: rairayi mai cafke tayar keke, da kwalbatin da ba a rufe ba wanda makaho ke afkawa, da babura da ake ajiyewa a bakin ƙofa. Gangaren hawa keke yana da ƙa'ida: kowane tsayin santimita 1 yana son tsawon santimita 12. Matakala uku masu santimita 15 kowacce, wato santimita 45, suna buƙatar gangare mai tsawon mita 5.4. Abin da magina suka saba yi shi ne ɗan gajeren tudu irin na shigar da babur zaure, a shafe shi da siminti sumul. Mai keke ba ya iya hawansa shi kaɗai, in ya zo sauka kuma sai ya kife, ga santsi da damina. A yi shi da kaushi, a sa masa ƙarfen riƙewa.

Maganar rashin kuɗi a nan take tasowa, kuma ba a raina ta, don makarantunmu a matse suke. Sai dai yawancin abin da aka ambata tsari ne, ba saye ba. Abin da ke cin kuɗi shi ne fasa ginin da aka gama, don haka duk sabon ginin da za a yi, na asusun TETFund ne ko na jiha, a nemi ganin zanensa tun yana takarda.

Mataki na 5: Lacca da kayan karatu.

Malami yakan ɗauki hoton takardar lacca da waya ya tura zauren WhatsApp na aji, ya ɗauka ya gama da kowa. Ga makaho bai tura komai ba, domin manhajar TalkBack ta waya da NVDA rubutun da aka buga suke karantawa kai tsaye, hoto kuwa sai an bi ta wata manhajar, ta fito da shi da kurakurai in takardar ta dushe. A tura ainihin fayil ɗin da aka buga, kwana biyu ko uku kafin laccar. A ba shi izinin naɗar murya, da sharaɗin ba zai yaɗa ba. Malamin da ke rubutu a allo ya faɗi abin da yake rubutawa, ya daina cewa wannan a haɗa da wancan. Masu ɗakin karatu da ke tsoron haƙƙin mallaka su kwantar da hankalinsu: Najeriya ta shiga yarjejeniyar Marrakesh a 2017, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta halatta a juya littafi zuwa sigar da makaho zai iya karantawa. Kurma yana son layin gaba, da haske a fuskar malami, da malamin da ba ya magana yana fuskantar allo. A ba tafinta kalmomin fannin tun da wuri ya shirya, kuma duk sanarwar sauya lokaci ko ranar gwaji a rubuta ta, don da yawa ta nan suke rasa maki. Zabiya na buƙatar manyan haruffa da wurin da rana ba ta haska masa ido, kuma kada a tsayar da shi layi a zafin Afrilu. Mai sikila kuwa, in ciwo ya kwantar da shi, kwanakin asibiti ba sa shiga lissafin kashi 75 na halartar lacca, a kuma sa masa ranar rama gwajin da ya wuce shi.

Mataki na 6: Jarrabawa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako 3 kafin farawa, jami'in jarrabawa ya fitar da sunayen masu tanadi, ya ware ƙaramin ɗaki a ƙasa mai iska, da mai sa ido na musamman. Tambayoyin makaho a shirya su a sigar da aka rubuta a takardarsa, ƙarƙashin tsaron da ake yi wa sauran. Tambayar da ta dogara da zane ko taswira, malamin darasin ne zai sauya ta da wata mai nauyi ɗaya, ba mai sa ido ba ne zai tsaya yana kwatanta ta da baki ranar. In da kwamfuta zai amsa, ta makaranta ce, wadda aka share, aka cire ta daga intanet, aka cika batirinta, a kuma buga amsar a gabansa ya tabbatar. In jarrabawar kwamfuta ce ta gama-gari, a gwada manhajar da NVDA tun da wuri, don wasu ba sa karantuwa. In da rubutun makafi ya amsa, a san wanda zai juya shi kafin ranar, in ba haka ba takardar za ta kwana a ofis har a fitar da sakamako babu nasa. Mai rubuta wa ɗalibi ya zama wanda bai karanci darasin ba, ya rubuta abin da aka faɗa masa kawai, a kuma naɗi zaman. Ƙarin lokaci a ƙayyade shi a rubuce. A Ingila abin da aka saba shi ne kashi 25 cikin 100, mai karatu da yatsa kuwa yakan sami fiye da haka, don shafin boko ɗaya yakan zama biyu zuwa uku a rubutun makafi.

A nan ne ake cewa an fifita wani a kan wani, ko an rage darajar digiri. Duk ɗan Argungu ya san yadda ake shiga kogin Matan Fada ranar gasar su: a harba bindiga, kowa ya ruga da homarsa da gorarsa. In aka ɗaga wa masunci kurma tuta lokacin da bindigar ta tashi, ba a saka masa kifi a homa ba, an dai sanar da shi an fara. Abin da jarrabawar tarihi ke aunawa sanin tarihi ne, ba saurin ido ba. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne, hanya ake sauyawa, tambaya da makinta suna nan yadda suke. Saboda haka abin da wasu ke yi da sunan tausayi, su ƙara wa makaho maki ko su ce a ba shi na wucewa kawai, shi ne ainihin abin da ke zubar da darajar takardarsa, ya sa mai ɗaukar aiki ya yi shakkar duk wanda ya zo bayansa. Tsoron maguɗi kuma yana da tushe, amma maguɗi ya fi samun wuri inda aka bar ɗalibi ya zo da abokinsa ya rubuta masa saboda ba a shirya kowa ba.

Mataki na 7: Aikin waje, bita da miƙa fayil.

Tanadi ba ya ƙarewa a ƙofar makaranta. Ɗalibin kwalejin ilimi da za a tura koyarwar gwaji, a zaɓa masa makarantar da ke kusa da masaukinsa, a je a ga ajin da ido, a yi magana da shugaban makarantar kafin ya iso. Haka wanda zai tafi sanin makamar aiki, da 'yan aikin gona da ake kai wa fadama. A ɗakin gwaje-gwaje a haɗa shi da mataimaki mai aiwatar da abin da ya umarta, shi kuwa ya yi lissafi da bayanin da kansa. Ƙarshen kowane zango a sake zama da shi na ɗan lokaci, a tambaye shi abin da aka yi da abin da ya tsaya a takarda, a gyara, don lalura takan ƙaru, darussa kuma suna sauyawa. A faɗa masa tun farko inda zai kai ƙara in an saɓa: shugaban sashe, sai shugaban harkokin ɗalibai, sai magatakarda, in abin ya faskara akwai hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa da aka kafa a 2020. Ranar da aka sauya maka aiki kuma, ka miƙa fayil ɗin hannu da hannu ga wanda ya gaje ka, ka sanar da kowane ɗalibi sunan sabon jami'in da lambar ofishinsa, ta hanyar da zai iya karantawa.